Taswirar Kwarin Mantau

An aiko ni daga Maradi da igiyar awo,
da farar takarda, da alƙalami mai tsini.
Aka ce, je ka zano Kwarin Mantau,
gona da gona, kowa da iyakarsa.
Na ce wannan ai ruwa ne a cokali,
can aka binne cibiyata.

Goggo Tabawa ta dubi takardar
kamar mai duban faifan da babu tsaba.
Ta ce, "Sa takalminka.
Ba a zaune ake karanta ƙasa ba."

Muka fara ta gabas, kan jigawa,
jan rairayi mai son gero da wake.
"Gambar nan da ka gani a jere
ba da kanta ta tsiro ba.
Nomau ya dasa ta, shekarar da ya ɓata da ƙanensa
a kan taki uku na ƙasa.
Har suka mutu ba su gaisa ba.
Yau jikokinsu ke yankan ta tare,
su saƙa zana, su raba kuɗi."

Na auna. Na rubuta lamba.

Muka gangara inda ƙasa ke yin baƙi,
laka mai riƙe ƙafa kamar mai bin bashi.
Gulbi na kwance, ba ruwa ko na alwala,
sai sawun amalanke da kashin jaki.
"Kada ka raina shi don ka same shi yana barci.
Baƙo ne, wata uku yake yi ya tafi,
amma ya san ƙofar ɗakin kowa.
Nan garin yake da.
Dare ɗaya ya shigo ba sallama,
da safe muka hau tudu
da tukunya a ka, da akuya a kafaɗa."

Ta tona da yatsan ƙafa, tsingaro ya fito,
bakin tulu, da zanen farcen wadda ta gina shi.
Can gaba ramukan marina sun cike,
amma in an yi ruwan farko
ƙasar takan tuna, ta yi shuɗi.

Rijiyar Arzika, gaba goma sha bakwai.
Igiya ta ci itacen bakinta
har ya yi tsaga irin ta fuskar tsofaffi.
Gindin tsamiya, inda sikeli ya taɓa tsayawa
zamanin da gujiya ke sayen keke da rediyo,
yanzu mai cajin waya ne ke zama.
Ga gawo, mai saɓa wa kowa,
tsirara da damina, da rani ya sa riga.

Ina aunawa, rana na sunkuyawa.

A tsakiyar lambun tumatir na wani,
Goggo ta karkace hanya ba dalili,
ta kewaye wani wuri da bai fi tabarma ba.
Ba dutse, ba kara, ba alama.
Na ce, "Iyakar wa ce nan?"
Ta daɗe tana gyara ɗaurin zane.
"Ta farina ce. Kwana tara ta yi.
Mai lambun ya sani, ba ya sa fartanya."
Na ɗaga alƙalami, ta riƙe hannuna.
"Bar shi. Abin da ya hau takarda
wata rana sai an yi masa kuɗi."

Na koma Maradi da taswira mai tsabta,
layi ya haɗu da layi, hekta ta cika.
Shugabana ya buga hatimi, ya ce madalla.
Ɗan farin gurbi kaɗai ya nuna da yatsa:
"Nan fa?"

Na ce, "Tawada ce ta ƙare."